Dafa kofi da tukunyar moka: abin da masana suka ce

Masu shan kofi irin na Italiya da suka tattauna kan dafa shi a gida sun fi karkata ga tukunyar moka, wata ƙaramar tukunya mai sassa biyu da ake ɗaurewa da juna (gindi na ruwa, sama na dafaffen kofi, da mazurarin gari a tsakani), wadda kamfanin Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933. Sun yarda cewa abin da take bayarwa bai kai espresso, wato kofi mai kauri da ƙarfi, na shago ba, domin injin shago yana tura ruwa da ƙarfin bar 9 (bar ma'aunin matsi ne), ita kuwa ba ta kai 2 ba.

A zuba ruwa a gindinta, kada ya rufe ɗan bawul ɗin gefe, domin ta nan tururi ke fita idan ta toshe. A cika mazurarin da garin kofi, a share samansa da yatsa, kada a danna. Kan wannan suka fi jan kunne: garin da aka danne, ko wanda ya yi laushi kamar fulawa, yana hana ruwa wucewa, kofin ya fito da ɗaci. Wuta kaɗan ta isa, kuma da zarar ta fara gurnani a sauke ta.

Sun saɓa kan ruwan da za a fara da shi, mai sanyi ko tafasasshe. Wasu sun ce a fara da tafasasshe don kada garin ya daɗe yana gasuwa, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi, sai dai a riƙe gindin da tsumma wajen ɗaurewa. Idan tururi na tsartuwa ta tsakiya, mai yiwuwa robar da ke tsakanin sassan biyu ce ta mutu, a sauya ta.

Madarar kafucino kuwa, wato kofi mai madara da kumfa, kada zafinta ya wuce digiri 65 na Celsius. Italiyawa galibi da safe suke shan sa.