Wa ya kashe Fijo: gwamnati ko masu saye?

Alhaji Ɗanlami (Dilimi): Salamu alaikum. Maganar da muka bari a majalisa jiya ce na kawo nan, tunda wasu sun ce na yi zafi. Ban yi zafi ba. Gwamnati ce ta kashe Fijo a ƙasar nan. Ita ta kafa PAN, kamfanin haɗa Fijo, da haɗin gwiwar Faransawa a 1972, zamanin Gowon, motoci suka fara fitowa daga Kakuri a Kaduna a 1975, kuma ita ce ta zo ta juya masa baya. Ranar da manyanmu suka sauka daga Fijo 504 suka ɗare jif-jif na Japan da kuɗin baitulmali, ranar aka gama da shi. Mai ja ya fito fili.

Baba Pam: Sannu Alhaji, ni ina bayanka. Mu da muka yi aikin gwamnati a lokacin mun gani da idonmu. Zamanin Obasanjo na soja aka ce manya su rage almubazzaranci, shi kansa shugaban ƙasa 504 yake hawa. Kwamishina, babban sakatare, alƙali, 'yan sanda, duk Fijo. Ma'aikaci kuma a ba shi bashin mota, ana cira a albashi, ya je ya ɗauko sabuwa fil, kujerun da ledarsu. Ga kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata, ya shigo hannu a daidai shekarar da kamfanin ya fara aiki. Sai ga Obasanjon nan dai, da ya dawo a farar hula, a 2003 ya kawo tsarin a daina saya wa ma'aikata mota, a ba kowa kuɗinsa ya sayi abin da ya ga dama. Babban mai saye ya tashi daga kasuwa rana ɗaya.

Injiniya Hadiza: Baba, da girmamawa, abin da ka faɗa hujja ce a kanku. Kamfanin da ya kusa shekara 30 yana aiki, amma gwamnati na janye hannu sai ya durƙushe, to tun asali bai tsaya da ƙafarsa ba.

Kuma mu daina cewa ƙera mota, harhaɗawa ake yi. Gaskiya ne ana samun taya, batir, kujeru da fenti a gida, amma injin da giya da bodi a akwatuna suke zuwa daga Faransa. A farko ma ta sama ake kawo su. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti a 1975, sai aka riƙa ɗauko kayan a jirgin sama daga Lyon ana saukewa a Kano, a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. Ku lissafa kuɗin wannan. Abin da ya rufa asiri shi ne ga kuɗin mai, naira kuma ta fi dala daraja. A farkon shekarun 1980 kamfanin na fitar da mota sama da 50,000 a shekara. Da farashin mai ya faɗi, Babangida ya kawo SAP, tsarin tsuke bakin aljihu, a 1986 aka karya naira, kuɗin kowane akwati ya yi ta ninkawa, albashi kuwa yana nan inda yake. Tun nan ciwon ya kama, shekara 17 kafin abin da Baba ke magana a kai.

Alhaji Ɗanlami: To wa ya kawo SAP ɗin, 'yata? Ni ne? Ai kin zagaya kin dawo kan maganata.

Injiniya Hadiza: A'a Kawu, ba ɗaya ba ne. Kai ka ce laifinta shi ne ta daina saye. Ni na ce laifinta shi ne abin da ta ƙi ginawa lokacin da kuɗi ke hannunta. Ga misali nan a garinmu. Kamfanin murza ƙarfe na Jos, da 'yan uwansa na Katsina da Osogbo, rodin gini aka kafa su su yi, da ƙarfen da za a kawo musu daga kamfanin ƙarfe na Aladja. Bodin mota kuwa fallen ƙarfe yake so, kuma ba mu taɓa yin irinsa ba. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka aza wa harsashi da Rashawa wajen 1979, har yau ana kan cewa an kusa. Tayar ma da muke taƙama da ita, Michelin ta rufe a Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Ikeja a 2008. Ko da kowane ɗan majalisa ya ci gaba da hawa Fijo, dalar sayen injin daga ina za ta fito?

Oga Sule (Farin Gada): Ku bari mai shiga ƙarƙashin mota ya sa baki. Ba wanda zai gaya mini daɗin 504. Da baya take ja, ga tsayi daga ƙasa, ka loda mata mutum bakwai da buhunan dankali daga Bokkos ta hau ramuka ba ta ce uffan ba. In kabureta ta toshe a daji, direba zai kwance ya hura da baki ya mayar ya ci gaba da tafiya. Yaron da ya yi shekara ɗaya a gareji zai sauke injinta.

Amma a faɗi gaskiya. Motar nan a 1968 ta fito a Faransa, su can sun daina yin ta tun 1983, mu muka ci gaba da ita har wajen 2005. Shan mai kuwa ba a magana. Lokacin da mai ke araha ba wanda ya damu. Da ya fara tsada, direbobin tashar Bauchi Road da kansu suka riƙa sayar da wagon ɗinsu suna sayen Golf da Sharon, daga baya Sienna. Ba ɗan sanda ya sa musu bindiga ba. Lissafin abin da zai rage a aljihu da yamma suka yi. Yanzu in 504 ta shigo garejina yara taruwa suke yi suna kallo.

Baba Pam: Sule, ai 406 ma a Kaduna aka riƙa haɗa ta, kuma har yau mutane na son ta.

Oga Sule: Haka ne Baba, 406 mota ce. Amma tsakaninka da Allah, goma da za su shigo wajena, nawa ne na Kaduna? Yawanci 'yan Beljiyam ne. Mutum na son Fijo, amma wadda Bature ya gama hawa yake iya saye.

Isiyaku Ɗan Kwatano: To an zo wajen. Na san ni ake jira a zaga. Kullum sai a ce mu masu shigo da tokumbo muka kashe masana'anta. Mu mun cike gurbi ne. Bayan SAP malamin makaranta ba ya iya sayen sabuwar mota ko zai tara albashin shekara goma, sai muka kawo masa wadda zai iya. An gwada kare kamfanonin gida ai. Zamanin Jonathan, a tsarin motoci na 2013, aka ɗora harajin kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 a kan motar da aka shigo da ita a haɗe. Daga farkon 2017 kuma aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. Me ya biyo baya? Mota ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka samu kasuwa, wasu kuma suka karɓi lasisin harhaɗawa alhali taya da madubi kawai suke ɗaurawa. Talaka bai ga sabuwar mota mai araha ba.

Malam Nuhu: Isiyaku, ba kariyar ce ta gaza ba, rashin tsayawa a kanta ne. Dokar da za ta ba tsarin nan ƙarfi, majalisa ta amince da ita, Buhari ya ƙi sa hannu a 2019. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta sauke ƙarin harajin nan zuwa kashi 5. Wane mai hankali zai zuba biliyoyi a injinan buga bodi, bai san me doka za ta ce baɗi ba?

Ku duba Koriya ta Kudu. Hyundai ma da harhaɗa Ford Cortina ta fara a ƙarshen shekarun 1960, kamar mu. A 1975, shekarar da PAN ta fara aiki, su suka fitar da tasu motar, Pony. Gwamnatin Park Chung-hee ta tare motocin waje, ta ba da bashi mai sauƙi, amma da sharaɗi: ka ƙera taka, ka yi kayanta a gida, ka sayar a ƙetare. Kuma kafin nan ta gina kamfanin ƙarfe na POSCO, ya fara aiki a 1973. Mu kuwa kamfani shida muka kafa: Fijo a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi, na manyan motocin Fiat a Kano. An raba wa kowane yanki nasa don kada a yi ƙorafi, a ƙasar da kasuwarta da ƙyar ta ɗauki biyu.

Alhaji Ɗanlami: Allah ya saka, Malam. Ka ga gwamnatin da ta san abin da take yi.

Malam Nuhu: Kada ka yi saurin godiya, Alhaji. Park ya ba da kariya ne yana riƙe da bulala. Kai kariyar kawai kake nema.

Yakubu (Adelaide): Na daɗe ina karantawa, bari in kawo na nan inda nake. Ostareliya na da motarta da suke ji da ita kamar yadda muke ji da Fijo, sunanta Holden, a ƙarƙashin General Motors ta Amurka. Shekara da shekaru gwamnati na ba ta tallafi. Su ga wuta ba ta ɗaukewa, ga ƙarfe, ga ƙwararru, duk abin da Anti Hadiza ta ce mun rasa. Duk da haka a Disambar 2013, da gwamnatin Tony Abbott ta nuna ba za ta ƙara ba, kamfanin ya ce zai daina ƙerawa. Masana'antar da ke Elizabeth, arewa da garin nan, ta rufe a Oktoban 2017. Ford ta riga ta rufe a 2016, Toyota ma a 2017, a 2020 kuma aka sanar da binne sunan Holden ɗin gaba ɗaya. Har yau in ka zauna da dattawansu, rabi na cewa gwamnati ta yi sakaci, rabi na cewa ba dalili a ci gaba da ciyar da kamfanin Amurka da harajin jama'a alhali mutane sun koma sayen Toyota da Mazda. Kasuwarsu ƙarama ce, albashi kuma da tsada.

Injiniya Hadiza: Yakubu ka taɓo wani abu. Mai sunan mota shi ke yanke hukunci. A Detroit aka yanke na Holden. Fijo ma da ta shiga matsala a gida a 2014, gwamnatin Faransa ta sa kuɗi ta sayi kusan kashi 14 na kamfanin, Dongfeng ta China ma haka. Don ma'aikatan Faransa suka yi, ba don na Kakuri ba. Da suka tashi kafa babbar masana'anta a Afirka kuma, Kenitra ta Maroko suka je a 2019, kusa da teku, kusa da Turai.

Baba Pam: To ai kun ga Faransa ta ceci nata. Mu sayarwa muka yi. A 2006 aka miƙa kaso mafi yawa na PAN ga kamfanin 'yan kasuwa na ASD Motors, a 2012 bashi ya sa AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan da aka kasa biyan bankuna, ta karɓe. Ina amfanin cefanarwar?

Isiyaku Ɗan Kwatano: Baba, abin da aka sayar ya riga ya kwanta. Kuma a daina cewa ta mutu ƙurmus. Ɗangote da gwamnatin Kaduna da abokan hulɗarsu sun buɗe sabon wurin harhaɗa Fijo a hanyar Kaduna zuwa Abuja a 2022. Ga kamfanin motoci na Innoson can a Nnewi. Wa a cikin zauren nan ya je ya saya?

Shugaban zaure: Na goge saƙonni biyu da suka koma zagin jam'iyya. A tsaya kan mota don Allah.

Oga Sule: Ni tambaya ɗaya gare ni ga Alhaji, kuma ba da raini ba. Rumfarka a Dilimi cike take da injin da giya 'yan Beljiyam, ni kaina wajenka nake saye. In gobe gwamnati ta ce ta ji shawararka, ta rufe ƙofar tokumbo, mota da kayan gyara, na shekara 15 don masana'antar gida ta tashi, ka yarda?

Alhaji Ɗanlami: Sule, kai ma ka san inda za ka taɓa. Zan yarda, amma ba a fara da ni ba. A 2023 muna kallo 'yan majalisa suka raba wa kansu Prado da Land Cruiser, ana cikin kukan cire tallafin mai. Su fara ajiye waɗannan su hau ta gida, a sa a doka yadda wanda ya zo baya ba zai soke ba, a ba masana'anta wuta, a buɗe bashin mota irin na zamanin su Baba Pam. Ranar da na ga haka, zan juya rumfata in koma dillancin kayan gida.

Injiniya Hadiza: Kawu, ka ga yanzu sharuɗɗanka sun zama huɗu. Da safe ɗaya ne.

Alhaji Ɗanlami: Kuma duka huɗun a hannun wa suke?

Isiyaku Ɗan Kwatano: Na biyar ɗin da ba ku faɗa ba shi ne kuɗi a aljihun mai saye. Ko an rufe Kwatano yau, direban Bukuru ba shi da miliyoyin sabuwar mota. Keke Napep zai koma, shi ma daga Indiya ake kawo shi.

Malam Nuhu: Wannan kam ba ni da amsarsa a daren nan. Amma Alhaji, cikin huɗun nan wanne za a fara? Don in ka ce duka lokaci ɗaya, irin lissafin da ya haifi kamfani shida ba ƙarfe ne za mu sake.

Alhaji Ɗanlami: Wuta. Na ba Hadiza wannan. Sauran ukun ban janye ko ɗaya ba.