Me ke tsaga bututan tukunyar jirgin ƙasa mai kwal?

Sani Mai Walda, Agege:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin reluwe na da. Na je Ebute Metta, wajen gidan tarihin Jaekel, na ga tsoffin kawunan jirgi masu aiki da kwal da tururi. Cikin tukunyar bututai ne jere, ƙanana wajen inci 2, manya a sama wajen inci 5. Wani dattijo ya ce min a zamaninsu bututan nan sun fi tsagewa a baki, inda suka shiga farantin ƙarfe ta ɓangaren wuta. Abokina kuma ya dage iskar teku ce ta Legas ke cin su. To in tsatsa ce, me ya sa take zaɓar baki ɗaya?

Baba Tsohon Fayaman, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, ɗana. Dattijon nan ya gaya maka gaskiya. Iskar teku tana cin jirgin da aka ajiye ne, amma wanda ke kan aiki zafi da sanyi ke kashe shi.

Wutar kwal takan wuce digiri 1,000, ruwan da ke kewaye da bututun kuwa bai fi wajen 200 ba. Bututu siriri ne, nan da nan ya ɗau zafi ya miƙe. Farantin da ke riƙe da shi yana da kauri, ba ya saurin motsi. Duk wannan ja-in-ja a bakin bututun take ƙarewa.

Laifin kuma sau da yawa namu ne, masu zuba kwal. Jirgi na hawan tudu, hayaƙi na jan iska da ƙarfi, sai yaro ya bar ƙofar wuta a buɗe yana neman shebur. Iska mai sanyi ta daki farantin da ya ɗau zafi. Ko a bar rami a shimfiɗar garwashi, iska ta ɓullo ta ƙasa. Ko a ɗura ruwan sanyi da yawa lokaci guda bayan wuta ta yi ƙasa. Ba ranar zai tsage ba. Zai fara da hawaye, ka ga ruwa na tsattsafowa a baki, in ka kasa kunne ka ji yana tsuwa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a gaggauta hura tukunyar da ta kwana da sanyi, sai a bi ta a hankali na sa'o'i. A lokacin muna ganin tsanani ne.

Kada a manta da kwal ɗin Inugu. Ɓurɓushinsa na gudu cikin bututu yana goge leɓen da aka lanƙwasa a bakin bututun har ya siranta.

Injiniya Hadiza, Ikeja:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina kula da tukunyar tururi a wata masana'anta, bari in ƙara da ɓangaren ruwa. A zamanin jirgin kwal, wanda ya tashi daga Legas zuwa Kano yakan sha ruwa iri-iri a hanya. Ruwa mai gishirin ƙasa yana barin farin ɓawo a jikin bututu, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ɓawon nan ya hana ruwa sanyaya ƙarfe, ƙarfen ya ƙone, ya kumbura, ya tsage. Iskar da ta narke cikin ruwa kuma ita ke haƙa ƙananan ramuka. Akwai na uku mai haɗari: in soda ta yi yawa a maganin ruwa, tana taruwa a ƴar kafar da ke yoyo, ta sa ƙarfe ya yi gautsi, ya tsage ba tare da ya siranta ba. Malam Sani, abokinka yana da ɗan rabo a gaskiya: kunkunniyar kwal in ta sha laima takan zama asid.

Sani Mai Walda, Agege:

Na gode ƙwarai. Baba, in aka kawo min irin wannan, walda za ta riƙe?

Baba Tsohon Fayaman, Idi-Araba:

Kada ka soma, ɗana. Tsagar da ido ya gani ta fi haka tsawo. Fitoci, wato masu gyaran injin jirgi, kan zare bututun ne, in jikinsa na da kyau a yanke bakin da ya lalace a haɗa sabon guntu, in ba haka ba a sa sabo. Sannan a duba ƙarfen da ke tsakanin rami da rami a farantin, don wani fita in ya ga yoyo sai ya yi ta murza bakin bututu da ƙarfi har ya tsaga wurin. Bayan gyara a cika tukunya da ruwa, a matsa da famfo fiye da ƙarfin da take aiki da shi. Da ruwa ake gwadawa, kafin a kusanta ta da wuta, domin mutum biyu ne ke tsaye gaban ƙofar nan in bututu ya fashe.