Wa ya taɓa shuka sitibiya a gida? Ku zo ku ba mu labari

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa shuka sitibiya, ganyen nan mai zaƙi da ake rubuta Stevia a jikin kwalinsa, ku taimaka min. Likita ya ce Baban yara ya rage suga, shi kuma shayi ba ya wuce shi safe da dare, shi ne na sayi iri ta intanet na zuba a bokiti, yau sati uku ko tsiro ɗaya ban gani ba.

Manomin Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba hannunki ba ne, halin irin kenan, ni ma sau biyu ina asara. Ki duba ƙwayar, masu haske-hasken nan yawanci fanko ne, baƙaƙen su ne masu rai, kuma ba a binnewa, a saman ƙasa ake yayyafawa don sai ya ga haske yake tsirowa. Ni dai daga ƙarshe reshe na samo wajen wani abokina, na cire ganyen ƙasa na soka a yashi da taki a inuwa, cikin sati biyu zuwa uku ya yi saiwa.

'Yar Kurna: Hmm ni tawa ta kama har ta yi kyau lokacin sanyi, zafin Afrilu na shigowa na yi tafiya biki kwana biyu yara suka manta ban ruwa, wallahi na dawo na tarar da ita kamar an babbake. Saiwarta a sama-sama take, ba ta jure ƙishi ko kaɗan, kuma in ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe, shagwaɓaɓɓiya ce ta gaske.

Ɗan Jos: Mu nan yanayi ya karɓe ta, matsalar ɗaya saurin fure. Da ka ga fararen furannin nan ƙanana ka tsinke su, in ka bari ganye ya tsaya kuma zaƙin ya ragu. Kafin fure nake yanka, in shanya a inuwa, madam ta daka ta zuba a kwalba.

Anti Malama: Abin dariya fa, danginsu ɗaya da shuwaka da tazargade da latas, gida ɗaya wata ɗaci wata zaƙi. Asalinta Faragwai ne da Barazil, 'yan ƙabilar Gwarani na can sun daɗe suna jefa ta a shayinsu, Japan kuma tun shekarun 1970 suke sa ta a kayan sha. Sinadarin da ake tacewa daga ganyen ya ninka suga zaƙi sau 200 zuwa 300, shi ya sa ranar farko da na zuba cokali guda a zoɓo babu wanda ya iya sha, zaƙin ya zarce har ya koma ɗaci-ɗaci a maƙoshi. Yanzu da bakin cokali nake ɗiba. A kunun tsamiya ta shige lafiya, amma kar ki gwada a cincin ko alawar madara, ba ta danƙo ba ta ja kamar suga. Kuma ki gaya wa maigida ba magani ba ce, kar ya ajiye ƙwayoyinsa.

Maman Biyu: Kai na gode Allah ya saka. Yanzu na zazzage ragowar irin, kusan duk masu hasken ne. Malam na Samaru ko za a taimaka min da reshe biyu? Ƙanena yana shigowa Zariya ranar Asabar.