Zanen mutum-mutumin goshin jirgin ruwa: fasaha ce ko kwafi?

Malam Habibu: Jama'a, akwai wani zanen fensir da fentin ruwa a cikin Index of American Design, wato tarin zane-zanen kayan fasahar gargajiya na Amurka, wanda ke nuna mutum-mutumin mace da aka sassaƙa domin kafawa a goshin jirgin ruwa. A ganina masassaƙi kaɗai ya cancanci yabo, domin shi ya fitar da rigar nan mai kaɗawa cikin iska daga gungumen itace, shi kuwa mai zane kwafi kawai ya yi.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda ba. Gwamnatin Amurka ce ta ɗauki masu zanen aiki tsakanin 1935 da 1942, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, suka samar da zane sama da 18,000 da ke ajiye yanzu a Washinton, kuma abin da aka nema a wurinsu shi ne su nuna kaya yadda suke, ba ƙari ba ragi. A nan wahalar take. Ka dubi inda fenti ya ɓare a kafaɗa har itacen ya bayyana, da tsagar da ta bi jijiyar itace zuwa ƙugu, wadda aka ja da bakin fensir; fentin ruwa kuwa idan ya yi duhu, mayar da shi fari sai an sha wuya.

Malam Isa: Allah ya ƙara girma, Hajiya, amma ai kyamara za ta yi wannan cikin ƙiftawar ido.

Hajiya Rabi: A wancan zamani hoto mai launi sabon abu ne mai tsada, shi kuma baƙi-da-fari ba zai nuna shuɗin rigar da ya koɗe ba.

Malam Habibu: Wannan hujja ce kan amfanin zanen, Hajiya, ba kan fasaharsa ba.

Malama Zulai: Ni damuwata daban ce. An sassaƙa matar tana karkace gaba ne domin ta bi layin goshin jirgi, mutane su hango ta daga bakin gaɓa, amma mai zane ya tsayar da ita ita kaɗai a kan farar takarda, babu jirgi babu teku, har mai kallo ya rasa dalilin karkatar. Wanda ya zaɓi ta wane gefe za a gan ta, da inda haske zai sauka a fuskarta, ya wuce mai kwafi, ko da yake ban ce zaɓin nasa ya yi wa masassaƙin adalci ba.

Malam Habibu: To, Malama, ke ma kin dawo kan masassaƙin.