Neman kalma: gwajin magani na kusa da gida

1/ Ma'aikatan lafiya da 'yan jaridar Jos, ku zo mu yanke shawara. Me za mu kira abin da Turawa ke cewa decentralised clinical trial?

2/ A tsarin da aka saba, wanda ya shiga gwajin sabon magani shi ke zarya zuwa babban asibiti. Mutumin Wase ko Shendam sai ya kashe kuɗin mota da yini guda kafin ya isa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo. A tsarin da muke nema wa suna kuwa aikin ne ke biyo shi: nas ta je gidansa ta ɗebi jini, likita ya duba shi ta kiran bidiyo, a aiko masa da maganin, ko ya leƙa ƙaramin asibitin garinsu. Kullen korona na 2020 ya yaɗa tsarin, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da cikakkiyar takardar jagora a kansa a Satumban 2024.

3/ "Gwaji a warwatse" bai yi ba, yana ba da hoton rashin tsari. Babban mai bincike na nan, kuma a Najeriya sai da izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike. "Daga nesa" kuma, nesa da wa? Kallon likita ke nan. Ga mai shan maganin, abin matsowa ya yi.

4/ "Gwajin gida-gida" ya fi daɗin faɗa, kuma shi na fi tsoro. Kunnen mutanenmu ya saba da rigakafin shan inna na gida-gida. Uwa ta ji haka za ta ɗauka maganin da aka riga aka tabbatar ne aka kawo mata, alhali ana kan bincike ne ko yana aiki, ko yana da illa. Ba mu manta Kano a 1996 ba, lokacin da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Duk sunan da zai lulluɓe wannan bambanci, ba na tare da shi.

5/ Shawarata: "gwajin magani na kusa da gida". Ya haɗa gida, ƙaramin asibiti da ɗakin gwajin jini na unguwa. Kada a taƙaita shi zuwa "gwaji" kawai, don a asibiti wannan kalma awon jini ko fitsari take nufi. Idan wasu ziyarce-ziyarcen a babban asibiti ake yin su, a ƙara "mai haɗe da asibiti".

6/ Mutumin da ya shiga fa? Kada mu ce "ɗan sa kai". A yau kowa 'yan sintiri zai tuna. "Mai shiga gwaji" ya wadatar.

7/ Saura amincewar da ake bayarwa ta waya. Ni na fi son "yarda bayan bayani", domin danna maɓalli ba fahimta ba ce. Ungozomomi da masu aiki a ƙananan asibitoci, ku gwada waɗannan kalmomi a kunnen tsofaffi, ku faɗa mana abin da suka gane.