Na gama MBA, ta ina ake shiga aikin ƙaramar hukuma?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Na kammala digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, na kuma yi hidimar ƙasa, ina sha'awar aikin gudanarwa a ƙaramar hukuma. Don Allah wa ke ɗaukar aiki, ciyaman ko gwamnatin jiha? Kuma wane sashe ya dace da karatuna?

Baban Ummi:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Ka raba muƙamin siyasa da aikin dindindin. Ciyaman, kansiloli da mashawarta suna tafiya da wa'adinsu. Ma'aikaci daga mataki na 07 zuwa sama kuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha ce ke ɗaukarsa, ta ƙara masa girma, ta yi masa canjin wuri. Mataki na 06 zuwa ƙasa ne ake bar wa ƙaramar hukumar. Don haka duk takardar aikin mataki na 08 da ba daga hukumar ta fito ba, ranar tantancewa za ta ba ka kunya.

Mai digiri yana farawa ne daga mataki na 08. MBA ba zai tsallaka da kai zuwa darakta ba, domin ƙarin girma a wannan sahu bayan shekara uku-uku ne, da jarrabawa, sai kuma in da gurbi. Ka tanadi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da ta haihuwa, kuma ranar haihuwarka ta zo ɗaya a kowace takarda. Saɓanin kwanan wata yana riƙe fayil shekaru.

Hajiya Mai Lissafi:
Sashe biyu ne naka: mulki, wanda ke kai mutum kujerar DPM, wato daraktan kula da ma'aikata, ko baitulmali, wanda ke kai shi ma'aji. Ni baitulmali zan ce maka, amma ka haɗa da takardar ANAN ko ICAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, don MBA kaɗai ba ya mai da mutum akanta.

Kafin komai ka nemi littafin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda ake kira FM, ka karance shi. Inda sababbi ke faɗawa rami shi ne biyan kuɗi da umarnin baki. Kowace bauca, wato takardar biyan kuɗi, sai da amincewa a rubuce, da kason kasafin da za a cire kuɗin, da hatimin odita na cikin gida, kafin a biya. Idan Babban Odita na ƙananan hukumomi ya aiko takardar tuhuma, wanda ya sa hannu ake nema, ba wanda ya ba da umarni ba.

Wurin da karatunka zai yi amfani sosai shi ne kuɗin shiga. Kasuwanni, tashoshin mota da mayanka duk tsarin mulkin 1999 ya sa su a hannun ƙaramar hukuma, amma kuɗin na zurarewa saboda babu rijistar rumfuna, rasit kuma ba a bin lambarsa. Fara da ƙidayar rumfuna, ka ba kowane mai karɓa littafin rasit da lambobinsa a rubuce, kada ya karɓi sabo sai ya kawo shaidar banki ta tsohon.

Malam Na Kongo:
Ƙari kaɗan. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa na jan ƙafa, amma ka karanta hukuncin tare da sashe na 162 na tsarin mulki mai maganar asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ana iya tambayarka a intabiyu. In kana son ƙarin takarda, ABU Zariya na da sashen nazarin ƙananan hukumomi a harabar Kongo. Sai dai ka nemi izinin karatu a rubuce tukuna, in ba haka ba hukumar na iya ƙin lissafa takardar wajen ƙarin girma.