Neman shawara kan hutun kwana shida a tsibiran Maldives daga Kano

Baban Safiyya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa tsibiran Maldives, ko waɗanda suka san yadda ake shirya irin wannan tafiya tun daga nan gida. A bana ne ni da uwargidana za mu cika shekara 15 da aure, kuma tun da aka kawo ta ba mu taɓa fita mu biyu kaɗai ba, in ban da Umara da muka yi sau ɗaya. Na daɗe ina tara 'yan daloli saboda wannan buri, kuma ina son in kai ta wurin da za ta huta da gaske, ta ga teku, a yi mata hidima kamar yadda ta shafe shekaru tana yi mana.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk masaukin da na duba a intanet hotunansa iri ɗaya ne da na ɗan'uwansa: farin rairayi, ruwa garai-garai, da ɗakuna a jere a kan teku. Farashin da nake gani a shafin farko kuma daban yake da wanda ke fitowa idan na zo biya, har na fara tsoron kada in kai iyalina inda guzuri zai yanke mana. Sannan uwargidana mace ce mai kiyaye hijabinta, ba za ta shiga ruwa a gaban maza ba, to ina son sanin ko ɗakin da ke kan ruwa yana da sirrin da zai ishe ta. Haka nan batun abinci da salla yana raina. Game da lokaci, mun fi karkata ga watan Agusta, domin yara suna dogon hutu, za mu iya barin su wurin kakarsu, amma wani abokina ya ce mini lokacin damina ne a can. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Safiyya. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya albarkaci zuri'a. Na je sau biyu, kuma zuwan farko ya koya mini darasin da nake son in fara da shi, wato kada ka zaɓi masauki kafin ka san ƙarfe nawa jirginka zai sauka.

Ƙasar tarin tsibirai ce kusan 1,200 da suka miƙe daga arewa zuwa kudu a Tekun Indiya, kuma al'adarsu tun da aka buɗe masaukin farko a 1972 ita ce kowane babban masauki ya mamaye tsibiri guda shi kaɗai. Babban filin jirgin sama na Velana yana kusa da Male, babban birnin ƙasar, saboda haka idan ka sauka akwai sauran tafiya a gabanka. Masaukan da ke kusa da Male ana kai baƙi da jirgin ruwa mai gudu, dare ko rana. Waɗanda ke nesa kuwa sai da ƙaramin jirgin sama mai tashi da sauka a kan ruwa, wanda zan riƙa kira jirgin kan ruwa, kuma irin wannan jirgi da rana kawai yake aiki. Rana a can takan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, don haka wanda ya sauka bayan wajen ƙarfe uku na yamma yana iya rasa jirgin ranar. Abin da ya same ni ke nan. Wanda ya yanka mini tikiti bai duba wannan ba, ni ma ban san in tambaya ba, muka sauka gab da magariba, muka kwana a wani ƙaramin otal a Hulhumale kusa da filin jirgi, alhali na riga na biya kuɗin daren a tsibirin, kuma ba a mayar mini da ko sisi ba. Ranar dawowa ma haka lissafin yake: idan jirgin da zai mayar da kai gida da sassafe zai tashi, dole ka baro tsibirin tun jiya. Daga Abuja ko Legas yawancinmu ta Doha ko Dubai muke bi, kuma daga Doha zuwa Male kusan awa biyar ne, to ka nemi haɗin da zai sauke ku da safe. Ka kuma tuna cewa agogonsu yana gaban namu da awa huɗu.

Batun farashi kuwa ba rufa-ido ba ne, haraji ne da ba a sa shi a shafin farko. Ana ƙara kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan a ɗora harajin yawon buɗe ido a kan jimlar, wanda ya koma kashi 17 cikin ɗari daga Yulin 2025, sai kuma harajin muhalli na dala 12 a kan kowane mutum kowace rana a manyan masaukai. Idan ɗaki dala 1,000 ne a dare, da hidima ya zama 1,100, da haraji ya zama 1,287, da harajin muhalli na ku biyu ya zama 1,311. Kwana shida ke nan dala 7,866, kuma ba a sa kuɗin jirgin kan ruwa ba, wanda ɗaruruwan daloli ne ga mutum guda zuwa da dawowa. Abinci ma a lissafa shi tun daga gida, domin a tsibirin babu kasuwa kuma babu wani gidan abinci sai na masaukin, ko ruwan kwalba ka saya sai an ɗora masa waɗannan harajin. Jirgin kan ruwa kuma yana da iyakar kaya, yawanci kilo 20 da jakar hannu ta kilo 5, abin da ya haura a biya.

Biza a filin jirgi ake bugawa kyauta ta kwana 30, matuƙar kana da tikitin dawowa da shaidar masauki. Akwai fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa a shafinsu na IMUGA cikin awa 96 kafin sauka. Katin rigakafin cutar shawara kuwa kada ku baro shi a gida, domin ana nemansa daga matafiyan da suka fito daga ƙasashe irin namu.

Hajiya Maman Usman:

Ɗan'uwa Baban Safiyya, Allah ya yi maka albarka da ka sa sirrin matarka a gaban komai. Zan amsa maka a matsayina na mace da ta je da maigidanta, kuma ta kwana a ɗakunan iri biyu.

Ɗakin kan ruwa yana da kyau ƙwarai, kuma ba zan manta da safiyar da na leƙa na ga kifaye suna wucewa a ƙarƙashin matakala ba. Amma sirrinsa bai kai yadda hoto ke nunawa ba. Ana sa shinge tsakaninka da maƙwabci ta gefe, sai dai gaban a buɗe yake ga teku, kuma baƙi suna wucewa a cikin ƙananan kwale-kwale ko suna ninƙaya suna kallon murjani. A wasu wuraren ma jerin ɗakunan a lanƙwashe yake, har wani yana hango barandar wani. Inda na sami sakewa da gaske shi ne ɗakin gaɓar teku mai wurin ninƙaya nasa na kansa a cikin katanga, da bishiyoyi sun rufe shi. A nan ne na shiga ruwa hankalina kwance. Shawarata ita ce ku raba kwanakin, huɗu a ɗakin gaɓa, biyun ƙarshe a kan ruwa, kuma ka rubuta musu tun yanzu ka nemi ɗakin da ke ƙarshen jeri yana fuskantar teku. Ka ce su aiko maka taswirar tsibirin da lambobin ɗakuna, domin taswira ta fi hoto faɗin gaskiya. Ta kuma tafi da kayan ninƙaya masu rufe jiki, babu wanda zai dube ta da mamaki, domin matan ƙasar da kayansu suke shiga ruwa.

Game da abinci, kada kasancewar ƙasar ta Musulmi ce ta sa ka saki jiki. A tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune an hana giya da naman alade, ko shigo da su a jaka ba a yarda ba, amma masaukan baƙi suna da izinin sayar da su. Ka tambaye su a rubuce ko namansu yankan halal ne, ko ana raba tukwane, kuma ko suna sa alama a abincin da aka dafa da giya, musamman miya da kayan zaƙi. Kifi kuwa a wadace yake, sabo daga teku. Ka lura kuma da tsarin da suke cewa ya haɗa komai, domin babban kason kuɗinsa na giya ne, wanda ku ba ku da buƙata. Tsarin abinci sau uku, ko karin kumallo da abincin dare, yakan fi mana dacewa. Kuna iya cewa a kwashe giyar da ke cikin firjin ɗaki kafin ku iso, za su yi ba tare da gardama ba.

Salla ba ta da wahala. Da yawa daga ma'aikatan Musulmi ne, kuma yawancin masaukai suna da masallacin ma'aikata, inda maigidana ya yi Juma'a bayan ya nemi a raka shi. Abin da ya fara rikita ni shi ne alƙibla, domin mu da muka saba fuskantar gabas, a can arewa maso yamma ake fuskanta. Wasu masaukan kuma suna tura agogonsu gaba da awa guda a kan na Male don baƙi su more yamma, to ku tabbatar da wane agogo jadawalin salla yake bi.

Malam Na Damagaram:

Ina goyon bayan abin da Ɗan Fagge da Hajiya suka faɗa, amma ina ganin abokin Malam ya ɗan tsananta kan watan Agusta. Gaskiya ne cewa rani a can daga Disamba ne zuwa Afrilu, kuma daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ke kawo ruwa da kaɗawar teku. Sai dai ruwan sau da yawa yakan sauko ya ɗauke, rana ta fito, ko da yake mutum yana iya cin karo da kwana biyu ko uku a jere na hadari, kuma wannan kasada ce da ya kamata a shiga da saninta. Ladan kasadar shi ne farashi yakan sauka sosai, har kuɗin da zai ba ka ɗaki na yau da kullum a Janairu ya ba ka mai wurin ninƙaya a Agusta. A wannan lokacin ne kuma faffaɗan kifin nan da ake kira manta ke taruwa a Hanifaru, a yankin Baa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2011. Abin da zan ce a guje masa shi ne ƙarshen Disamba, lokacin da farashi ke kai ƙololuwa kuma ake tilasta wa baƙi biyan kuɗin liyafar ƙarshen shekara.

Akwai kuma abin da ke sa ƙasar nan ta zauna mini a rai. Farin wuri, ɗan ƙwanson halittar teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kano da Katsina da Damagaram, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar kuɗi, mafi yawansa daga tekun waɗannan tsibirai aka tsamo shi kafin na Zanzibar ya cika kasuwa a ƙarni na 19. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Male, ya ga farin wurin a can, daga baya kuma ya gan shi ana kashewa a Mali da Gao. Idan kun sami 'yan awoyi a Male ranar dawowa, ku ziyarci tsohon masallacin Juma'a da aka gina da dutsen murjani a ƙarni na 17.

Baban Safiyya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na karanta wa uwargida bayanin Hajiya, kuma ta zaɓi raba kwanakin kamar yadda aka ba da shawara. Mun tsaya a kan Agusta. Saura abu biyu: shin in biya masaukin kai tsaye ne ko in bi ta kamfanin shirya tafiye-tafiye, sannan da yake dukkanmu ba mu iya ninƙaya ba, kuma ita jirgin ruwa yana juya mata kai, wane irin tsibiri ya fi dacewa da mu?

Ɗan Fagge:

Malam, ka nemi farashi daga ɓangarorin biyu, ka ce kowanne ya rubuto maka jimla guda da ta haɗa ɗaki, abinci, haraji duka da sufuri zuwa da dawowa, tare da ranar ƙarshe da za ka iya fasawa a mayar maka da kuɗinka. Kamfanoni sukan sami rangwamen da kai ba za ka samu ba, amma idan ka bi ta hannunsu, ka rubuta wa masaukin da kanka su tabbatar maka da lambar ajiyar ɗakin da sunayenku kafin ka kammala biya. Ka biya da katin asusun dala, kuma ka sanar da bankinka ranar tafiya, domin masaukin zai riƙe wani abu a katin a matsayin jingina ranar da kuka isa. Ka yanki inshorar tafiya da ta haɗa ɗauko mara lafiya, saboda abin da ke tsibirin ƙaramin asibiti ne, manyan suna Male.

Tun da teku yakan kaɗa a Agusta kuma jirgin ruwa yana damun uwargidanka, ko dai ku zaɓi tsibirin da bai wuce minti ashirin daga filin jirgi ba, ko ku ɗauki jirgin kan ruwa ku sauka da safe. Ku nemi wanda ke da faffaɗan ruwa mara zurfi a gaban ɗakuna, inda mutum zai yi tafiya ruwan bai wuce ƙugu ba. Masaukai suna ba da rigar da ke hana nutsewa, to kada ɗayanku ya sauka daga matakalar ɗakin kan ruwa ba tare da ita ba, kuma ku tambayi ma'aikata lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa, domin inda ya tsaya a gwiwa da safe yana iya ƙara zurfi sosai da la'asar.